Manyan Tayoyi a Motar Ƙungiya: Mu Auna Kafin Mu Saya

Darasi domin ƙungiyoyin gama kai na manoma

Darasinmu na wannan karo a kan mota ne, watau a-kori-kurar nan ko motar daji wadda ƙungiyoyi da yawa suka yi shekaru suna tara kuɗi kafin su saya. Ita ke kawo mana taki da iri a farkon damina, ita ke kai hatsi kasuwa da kaka, ita kuma ke ɗaukar mara lafiya da mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Idan ta kwanta, aikin ƙungiya duka ya kwanta.

Da zarar ruwa ya yi ƙarfi a watan Agusta, hanyoyinmu sukan lalace. Manyan motoci sukan haƙa ramuka biyu su bar tudu a tsakiya, ƙaramar mota kuwa ta zo ta hau tudun da cikinta, ƙafafunta suna ta juyi a banza. A nan ne akan ji wani ya tashi a taron ƙungiya ya ce, "Mu ɗaga motar nan, mu sa mata manyan tayoyi." Shawarar ba ta banza ba ce, gama akwai gaskiya a cikinta. Amma akwai kuma tsadar da ba a gani a ranar saye. Nufin darasin nan shi ne mu koyi auna ribar da hasarar da kanmu, da tef na awo da fensir, tun ma'aji bai buɗe akwati ba.

1. Inda abin ya fito

Ɗaga mota da sa mata manyan tayoyi al'ada ce da ta yi ƙarfi a Amurka da Ostareliya, inda mutane ke hawan duwatsu da ratsa daji domin shaƙatawa. A Aisland, wani tsibiri mai ƙanƙara a arewacin Turai, sukan sa wa mota taya mai tsayin inci 38 har 44 domin ta yi tafiya a kan dusar ƙanƙara ba ta nutse ba. Hotunan irin waɗannan motoci ne samarinmu ke gani a waya suna sha'awa.

Sai dai mu lura da abu biyu. Na ɗaya, motocin nan ba buhunan masara suke ɗauka ba. Na biyu, masu su ba taya kaɗai suke sakewa ba. Sukan yanke bodi, su sake haƙoran giyar aksil, su gyara birki da maleji, su kashe kuɗi mai yawan gaske. Tamu motar kuwa ta aiki ce, kuɗinta kuma gumin membobi ne.

2. Ɗaga mota dabam, ƙara taya dabam

Bari mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashin motarmu ta baya. Za mu ga aksil, watau ƙarfen da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu. A tsakiyarsa akwai wani wuri mai kumburi kamar tulu, inda haƙoran da ke raba ƙarfin inji zuwa ƙafafu suke. A darasin nan za mu kira shi tulun aksil. Yawanci shi ne ya fi kusa da ƙasa, shi ne kuma ke fara dafe tudun tsakiyar hanya.

Hanyar ɗaga mota iri biyu ce. Akwai ɗaga bodi, inda akan sa gammo na ƙarfe ko na roba mai tauri tsakanin bodi da shasi. Wannan bodi kaɗai yake ɗagawa, shasi yana nan inda yake. Akwai kuma ɗagawa ta sifirin, inda akan ƙara ganyen sifirin, ko a sa masu tsawo, ko a tsawaita maratayinsu. Wannan yana ɗaga shasi da bodi tare.

To, ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Ko wace hanya aka bi, tulun aksil na baya ba ya tashi ko da faɗin farce ne, gama aksil a kan taya yake zaune, ba a kan sifirin ba. Abu ɗaya tak ke ɗaga shi, watau tsayin taya. Amfanin ɗaga mota shi ne ya ba babbar taya wurin shiga, ya kuma hana tsakiyar mota da gabanta da bayanta dukan ƙasa a bakin kwari.

Tsofaffin Land Rover da Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta soma yi a 1984, suna da irin aksil ɗin nan gaba da baya. Hilux na zamanin nan kuwa ƙafafun gabanta kowace da nata hannu, tulun gaba kuma a jikin shasi yake. Idan aka ɗaga ta, tulun gaba yana tashi, amma sandunan da ke kai juyi ga ƙafafun gaba sukan karkace fiye da yadda aka tsara su, robarsu ta yage, ƙasa ta shiga, su lalace da wuri.

3. Karanta rubutun jikin taya

Kowace taya tana ɗauke da labarinta a gefenta. Bari mu ɗauki 265/75R16. Lamba ta farko, 265, faɗin taya ne da milimita. Ta biyu, 75, tsayin gefen taya ne daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, amma ba da milimita ba: ma'anarta kashi 75 cikin 100 na faɗin. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke ciki. Lamba ta ƙarshe, 16, girman rim ne da inci, rim kuwa shi ne ƙarfen da ake sa taya a kai. Inci ɗaya milimita 25.4 ne.

Yawancin Hilux na aiki masu jan ƙafa huɗu sun zo da taya 205R16C. Inda ba a rubuta lamba ta biyu ba kamar nan, akan ɗauke ta a matsayin 80. Harafin C yana nufin taya ce ta motar kaya. Akwai kuma tsohon rubutu irin 7.50R16, inda 7.50 faɗi ne da inci, da rubutun Amurka irin 31x10.50R15, inda 31 tsayin taya ne gaba ɗaya da inci.

4. Lissafin da kowane sakatare zai iya yi

A ce motarmu tana da 205R16C, mai sayar da taya kuma ya ce mu sa 265/75R16. Ga yadda za mu san tsayin kowace.

Tayarmu ta asali: kashi 80 cikin 100 na 205 shi ne 164. Gefen taya biyu ne, sama da ƙasa, saboda haka 328. Rim mai inci 16 milimita 406 ne. Duka ya zama milimita 734.

Babbar taya: kashi 75 cikin 100 na 265 shi ne 199. Sau biyu, 398. A haɗa da 406, ya zama milimita 804.

Bambanci milimita 70 ke nan, watau santimita 7. Amma kada mu yi murna tukuna. Aksil a tsakiyar taya yake, domin haka rabin ƙarin ne kawai ke ƙarƙashinsa. Ɗaya rabin yana sama, yana neman wurin shiga a cikin bodi. Tulun aksil zai tashi da santimita uku da rabi kaɗai, kamar faɗin yatsu biyu na babban mutum.

Yatsu biyu ba abin rainawa ba ne. Wata rana su ne tsakanin wucewa da kwana a daji. Amma ya kamata taro ya san cewa abin da za a saya ke nan, ba ƙari, sa'an nan a duba farashinsa.

5. Abin da muke biya

Na farko, ƙarfin ja. Mu ɗauki guga cike da ruwa mu riƙe shi kusa da jiki, sa'an nan mu miƙe hannu da shi. Nauyin bai sake ba, amma hannu ya fi shan wuya. Haka taya take. Nisan da ke tsakanin aksil da ƙasa shi ne hannun, in ya ƙara tsawo, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu. A misalinmu, motar za ta rasa kusan kashi 9 cikin 100 na ƙarfin janta a kowace giya. A fili ba kaya, direba ba zai ji sosai ba. Amma a hawan Mambila, ko hawan dutsen Jos, ko fitowa daga kwari da taki a baya, zai ji. Zai riƙa komawa ƙaramar giya, yana taka kuloci rabi-rabi domin mota ta tashi. Kuloci ya ƙone da wuri, inji ya yi zafi, shan mai kuma ya ƙaru, balle ma babbar taya ta fi nauyi.

Na biyu, birki. Dogon hannun nan da ya rage ƙarfin inji, shi ne kuma ke rage ƙarfin birki. Direba zai taka kamar yadda ya saba, amma motar za ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. A gangare mai tsawo birki zai yi zafi da sauri. Taku kaɗan ɗin nan da ta ƙara, a bakin kasuwa ko ƙofar makaranta, rai ne.

Na uku, jirkicewa. Duk wanda ya taɓa loda amalanke ya san kaya mai tsayi ya fi saurin kifewa. Idan aka ɗaga sifirin da santimita 5, taya ta ƙara uku da rabi, bodi da duk abin da ke cikinsa ya hau da santimita takwas da rabi. Mu ɗora buhuna a kai, mu ɗora mutane a kan buhuna kamar yadda akan yi ranar kasuwa, sa'an nan akuya ta faɗo hanya, direba ya kauce da sauri. Motar da dā za ta yi layi ta daidaita, yanzu tana iya kifewa.

Na huɗu, ƙarafan ƙafa. Taya mai nauyi da faɗi tana cin boris, tana gajiyar da sitiyari da gaɓoɓinsa, tana kashe shokazoba. Waɗansu sukan sa faifan ƙarfe a bayan rim domin su tura taya waje kada ta gogi shasi. Wannan yana ƙara wa boris da kusoshin ƙafa wahala, in kuwa faifan ba mai kyau ba ne, ƙafa tana iya ficewa ana cikin tafiya.

Na biyar, maleji. Maleji juyin ƙafa yake ƙirgawa. Tayarmu ta asali tana juyawa wajen sau 434 a kilomita ɗaya, babbar kuwa wajen sau 396. Saboda haka maleji zai soma ƙarya. In ya nuna gudun 80, gaskiyar gudun ta kusa 88. In mota ta yi kilomita 100, zai rubuta 91. Ƙungiyar da ke ba da hayar mota bisa kilomita za ta yi asarar kuɗin kilomita 9 a kowane 100, ba wanda ya sata. In kuma muna juye baƙin mai a kowane kilomita 5,000 bisa maleji, inji zai yi kusan 5,500 kafin ya samu sabo. Sababbin motoci masu kwamfutar da ke taimakon birki su ma da juyin ƙafa suke lissafi, taya mai girma da yawa tana ruɗa su.

Akwai darasi a wurin Land Rover, wadda aka fara yi a Ingila a 1948. Gajeruwar, mai inci 88 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, ta saba zuwa da taya 6.00-16. Doguwar, mai inci 109, ta zo da 7.50-16. Da kamfanin ya ba doguwar babbar taya da kaya mai nauyi, bai tsaya nan ba. Ya ba ta rim mai faɗi, da sifirin mai ƙarfi, da gangar birki mai inci 11 a madadin inci 10, da maleji nata dabam. Maƙerin mota ya san taya ba ta tafiya ita kaɗai.

6. Girma ba shi ne ƙarfi ba

Bayan lambar girma akwai wata lamba da ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka in an cika mata iska daidai. Ga kaɗan daga cikinsu:

Lamba 100, kilo 800.
Lamba 104, kilo 900.
Lamba 108, kilo 1,000.
Lamba 110, kilo 1,060.
Lamba 112, kilo 1,120.
Lamba 120, kilo 1,400.

In muka ga lamba biyu kamar 110/108, ta farko ita ce tamu, ta biyun ta motar da ke da taya biyu-biyu a baya ce. Tayoyin baya biyu masu lamba 110 suna ɗaukar kilo 2,120. In muka musanya su da manya masu kyan gani amma lambarsu 104, sun koma kilo 1,800. Mun yi hasarar kilo 320, fiye da buhu uku na masara, ga shi mun biya kuɗi fiye da dā. Kallon kitse muka yi wa rogo.

Saboda haka mu nemi taya mai harafin C ko LT, gama su ne na motar kaya. Mai harafin P ta motar shiga ce, gefenta ba kauri, kututture da ƙaya suna huda shi da sauƙi. Rubutu irin 8PR ko 10PR shi ma ƙarfin saƙa yake nunawa. Kada lambar sabuwar taya ta kasa ta tsohuwar.

Mu kuma sani, taya mai ƙarfi da ƙarin ganyen sifirin ba su ƙara wa mota ikon ɗaukar kaya. Shasi da aksil da birki suna nan yadda aka ƙera su. Yawancin a-kori-kura irin Hilux wajen tan ɗaya ne iyakarsu, watau buhu 10 na masara masu kilo 100, ko buhu 20 na taki masu kilo 50, kuma a cikin lissafin nan har da direba da duk wanda ya hau. Ainihin iyakar tamu motar tana rubuce a littafinta ko a ɗan allon da ke jikin ƙofa.

7. Kowace ƙasa da tayarta

Kafin mu zaɓa, mu tambayi kanmu abin da ke tsare motarmu.

In tudun tsakiyar hanya ne, tsayi muke bukata, ba faɗi ba. Taya doguwa siririya irin 7.50R16 ko 235/85R16 tana ba da tsayi kusan ɗaya da 265/75R16, amma ba ta kai ta faɗi ba, tana shiga rim mai faɗin inci 6, ba ta kuma cika gugar bodi ba. Ita 265/75R16 tana son rim mai inci 7 ko fiye, watau sai an sayi sababbin rim guda biyar. Amma mu tuna, hasarar ƙarfin ja da ta birki da ƙaryar maleji suna nan, gama daga tsayi suke fitowa.

In taɓo ne mai ƙasa mai tauri a ƙarƙashinsa, kamar yawancin hanyoyin jan ƙasa, siririyar taya mai manyan haƙora ta fi, domin tana ratsa taɓon ta kama ƙasa.

In rairayi ne, kamar na arewacin Yobe da Damagaram, maganinsa rage iska. Taya ta ɗan kwanta, sawunta ya yi tsawo, mota ta bi ta kan rairayi. Direbobin sahara sukan sauke geji zuwa wajen 20, su tafi a hankali, su mai da iska da zarar sun fita. Mota mai kaya da yawa ba a sauke mata har haka. Taya mai manyan haƙora kuwa a rairayi rami take haƙa wa kanta.

In baƙar laka ce irin ta ƙasar firgi a Borno ko ta kwarin Binuwai, in ta sha ruwa ba tayar da ke da ikonta. A jira ta sha iska ya fi.

8. Idan taro ya yarda a ƙara

Masu sana'ar taya sukan ba da shawara kada tsayin sabuwar taya ya wuce na asali da fiye da kashi 3 cikin 100. Ga taya mai milimita 734, wajen milimita 22 ke nan. Taya 245/70R16, mai tsayin milimita 749, tana cikin iyakar. Ko a Ostareliya, inda ɗaga mota ya zama ruwan dare, ƙa'idar gyaran motoci ta tsai da ƙarin tsayin tayar motar daji a milimita 50, in za a wuce sai injiniya ya duba. Misalinmu na milimita 70 ya zarce haka.

Ga matakan da za mu bi:

(a) A duba littafin motar. Sau da yawa kamfani ya yarda da girma biyu ko uku. Mafi girma a cikinsu shi ne wanda ba shi da haɗari.

(b) A sayi biyar iri ɗaya, har da safaya. Mota mai jan ƙafa huɗu in tayoyinta sun bambanta, gaba da baya sukan yi ta jayayya har haƙori ya karye a giya ko a aksil. Saboda wannan dalili ne kuma ba a sa giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta a irin motocinmu.

(c) A gwada ɗaya a gaba kafin a biya. A juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu. A loda mota, a ratsa ɗan kwari a karkace sannu-sannu, a sauka a duba ko taya ta gogi bodi, ko shasi, ko tiyon birki.

(d) In za a ɗaga, kada a wuce santimita 5. A tabbata tiyon birki da shokazoba sun isa tsawo sa'ad da ƙafa ta rataya. In mota ta soma kaɗawa bayan aikin, a duba furofela.

(e) A kai ta a daidaita ƙafafun gaba, a kuma gyara saitin fitilu kada su kashe wa masu zuwa ido.

(f) A tabbata safaya ta shiga mazauninta, jak kuma yana iya ɗaga motar yanzu da ta ƙara tsayi. Gara a gane haka a gida da a gane a daji.

(g) Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a sāke ɗaure notunan ƙafafu.

(h) A rubuta bambancin maleji a manna gaban direba, a kuma shigar da shi littafin ma'aji.

(i) In motar tana da inshora, ko sabuwa ce mai garanti, a tambaya tukuna ko gyaran zai ɓata yarjejeniyar.

Wanda ya nace sai taya mai girma ƙwarai, hanyar mai da ƙarfin ja ita ce sake haƙoran tulun aksil. A misalinmu, in na asali 4.10 ne, sai a koma wajen 4.56, kuma tilas gaba da baya tare. Aiki ne na gwanin makanike, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne. Birki dai ba zai dawo da wannan ba.

9. A wurin mai sayarwa

Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina yin taya a Legas a 2008. Daga nan kasuwa ta cika da tayoyin waje, da yawa kuwa gwanjo ne. Manyan tayoyi masu araha sun fi yawa a cikin gwanjon nan, araha kuwa ba ta ado.

A nemi rubutun da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In lamba uku ce kawai, an yi ta kafin shekarar 2000, a guje ta. Roba tana tsufa ko ba a mora ta ba, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta tsufan. Michelin da kanta tana cewa a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma kome kyanta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi da na gwanjo.

A duba gefe ko akwai tsagewa ko kumburi. A leƙa ciki ko akwai faci. A cikin kwarin haƙora akwai ɗan tudu mai milimita 1.6, in haƙora sun sauko daidai da shi taya ta ƙare, ga taɓo kuwa ta ƙare tun kafin nan. In muka ga zanen dutse da alamar ƙanƙara a cikinsa, mu yi hattara, gama yawancin irinsu na sanyin Turai ne, robarsu laushi gare ta, zafin kwalta yana cinye ta da sauri.

10. Abin da ya fi araha

Sau da yawa ba gajartar taya ke kafe mota ba. Sifirin da ya gaji ya kwanta, kaya ya fi ƙarfin mota, haƙoran taya sun cinye, ko direba ya bi cikin ramin babbar mota maimakon ya hau gefensa da ƙafa ɗaya. Sabon sifirin irin na asali yana mai da mota tsayinta na dā. Sawu biyu da buhu takwas-takwas ya fi sawu ɗaya da goma sha shida wanda zai kwana a rafi.

Kowace motar ƙungiya ta kasance da geji, da famfon iska, da shebur, da diga, da igiya mai ƙarfi, da katako biyu masu kauri. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. In ta yi zafi geji zai hau, kada a rage. Taki kuma a kwaso shi tun hanya tana bushe.

Ga kuma aikin gayya. Wuraren da ke tsare mota a hanyar ƙauye ba su cika yawa ba, kowa kuma ya san su. Yini ɗaya na gayya a watan Mayu, a sare tudun tsakiya, a buɗe wa ruwa hanya, a zuba dutse da marmara, yana iya ba tulun aksil sarari fiye da yatsu biyu. Amfaninsa kuwa ba na motarmu kaɗai ba ne, har da mai amalanke da mai babur da mai keke.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A karanta rubutun tayoyin motarmu duka biyar. Iri ɗaya ne? Shekarunsu nawa? Kilo nawa kowace ke ɗauka?
2. A auna daga ƙasa zuwa tulun aksil na baya. A auna kuma tudun da ya fi tsare mu. Santimita nawa muke bukata?
3. A ina motarmu ta kafe a daminar bara, mene ne kuma dalili: tudu, taɓo, rairayi, ko yawan kaya?
4. Kuɗin taya biyar da rim da aikin makanike, buhu nawa ne na masara? Me kuɗin nan zai yi in an sa shi a gyaran hanya?
5. Wa ke da ikon hana a ƙara kaya ko mutane sa'ad da mota ta cika? Muna goyon bayan direba in ya ƙi?

A gayyaci direba da yaron mota zuwa taron da za a yi nazarin darasin nan, gama su ne suka san halin motar. A fito da ita fili, kowa ya durƙusa ya gani da idonsa, sa'an nan a yanke shawara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma kiyaye hanya.